Duhun Ƙofar Inna

Ni mai hoto ne a Tanut, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Waɗannan abubuwa biyu ba su taɓa zama lafiya da juna ba. Na ɗauki rabin mutanen Damargu: amare, jarirai, masu neman katin shaida na kartidantite, ƴan ƙwallo, har shanun Tenhya ranar allurar rigakafi. Amma har furfura ta fara fito mini a gemu ba ni da hoton fuskar mahaifiyata ko ɗaya da na ɗauka da hannuna.

Ba faɗa muka yi ba. Alkunya ce ta ɗan fari, Inna kuwa ta riƙe ta yadda ta gada, ba ta rage komai ba. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona, ba ta yi mini magana baki da baki. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta kawo ni Tanut. A nan na yi lakwal, wato makarantar boko, a nan na girma, Inna tana can Ollelewa. In na je gaishe ta, sallamata ce ke tashe ta daga tsakar gida. Kafin in gama cire takalmi ta shige ɗaki. Sai in durƙusa a bakin ƙofa in gaida ƙofar, ƙofar ta amsa ta bakin duk wanda ke kusa. Sunana a wurinta "wancan". Da na kama sana'a aka ƙara mini girma, na zama "wancan mai hoton".

Yanzu mata da yawa sun sassauta. Matata ma tana kiran babban ɗanmu da sunansa, da ƙarfi har maƙwabta su ji, galibi don ta yi masa faɗa. Inna dai tana kan bakanta. Mutane suna yaba mata, ni ma ina yaba mata a baki. A zuci kuwa abin yana ci na. Ƙannena suna zama a tabarmarta, suna sa hannu a kwanonta, ina jin dariyarta da su ta bayan katanga. Suna da hotonta a salula, sun tura mini ma, amma su take kallo a ciki. Ni abin da nake so ƙarami ne: in ga fuskarta lokacin da take kallona, in har tana yi. Ba ni da wanda zan faɗa wa, don magidanci mai iyali ba ya zama a majalisa ya ce uwarsa ba ta kallonsa. Dariya za a yi, a ce to me za ta kalla.

Lokacin da ta tashi yin kartidantite, ta hau mota daga Ollelewa ta zo Tanut, ta wuce ta gaban shagona, ta je wurin abokin hamayyata na bayan tasha, mutumin da ke yanke wa jama'a kunne a hoto. Shi ta zauna ta kalla. Washegari ya zo har shagona ya ce mini tsohuwa tana da kyan ɗauka, na ce na gode.

Na gwada dabaru. Na sayi dogon gilashi mai jawo abu daga nesa, na laɓe bayan rumbu ranar Sallah. Abin da na tara shi ne ƙeyarta da ɗankwali kala-kala, kunne ɗaya, hannu riƙe da ludayi, da wani hoto mai kyau ƙwarai na bakin mayafinta yana shiga ɗaki. Tana jin motsin kamara kamar yadda kaza ke jin shaho. Daga baya na bari, don mutum da girmansa a bayan rumbu ba kyan gani.

Abin da ya kai ni ga ɗanyen hoto ba Inna ba ce, rana ce. Ranar Damargu ba ta san tsaka-tsaki ba. Makiyayi zai tsaya maka a kasuwar Belbeji da farar riga da malafa, rawani ya rufe masa baki. In ka auna haske a kan rigar, fuskar ta zama rami. In ka auna a kan fuskar, rigar ta ƙone, ta koma farar takarda ba ɗinki ba aljihu. Na daɗe ina ba mutane haƙuri, ina jan su inuwar shago, su kuma suna cewa a jikin raƙuminsu suke so, raƙumi kuwa ba ya shiga inuwar shago.

Wani dattijo mai gyaran kamara a Damagaram ne ya karɓi tawa, ya latsa nan ya latsa can, ya nuna mini haruffa uku a ɗan allonta: RAW. Ya ce ma'anarsa ɗanye.

"Kai duk shekarun nan dahahhe kake ci," in ji shi. "Kamara ke daha maka hoto cikin cikinta, ta sa gishiri yadda ta ga dama, abin da ta ga ba shi da amfani ta zubar, ta miƙo maka JPEG. In ka sa ta nan, ba ta zubar da komi. Gero za ta ba ka da dusarshi, kai ka tahi ka surfa."

Bai faɗa mini sauran ba. Ɗanyen hoto nauyi gare shi. Katin kamarar da ke yi mini biki da yawa ya koma ba ya gama ɗaya. Tsohuwar ordinatar shagona, wato kwamfuta, tana buɗe hoto guda tana nishi, in zafi ya yi sai in ɗora ta a kan bulo in juya mata fanka, ni in zauna cikin gumi. Ga shi in ka fara buɗe shi muni gare shi, dishi-dishi, kamar an wanke shi da ruwan toka. Wata amarya ta leƙo ta ga nata kafin in taɓa, ta ce ita dai ba haka ta fito daga gidansu ba.

Amma in ka zauna, akwai wasu ƴan maɓallai a gefen allo da ake ja hagu da dama. Ɗaya yana dawo da abin da rana ta ƙona, sai ka ga ɗinkin wuyan riga ya fito zare-zare. Ɗaya na sanyi da ɗumin kala. Ɗaya kuma na inuwa: ka ja shi dama, duhun ƙarƙashin malafa ya buɗe, ga ido, ga hanci, ga mutum. In ka cika ja, hoton ya yi kamar an watsa masa yashi, dole ka lallaba. Da na fara iyawa hannuna ya yi ƙaiƙayi, komai sai na gyara. Wani Ba'abzine daga wajen Tenhya sabon rawaninsa ya rine masa goshi da kumatu da shuni. Na zauna na cire shuɗin tsaf ina jin na yi aiki. Ya zo ya duba ya ce wannan hoton talaka ne, ya bar mini shi ya tafi.

A hankali na samu tawa hanyar. In ina ɗauka a rana, ina rage haske kaɗan don kada fararen kaya su ƙone, in na koma shago in buɗe inuwa. Haka na riƙa yi ko'ina, har a gida, ba tare da na ba shi wata ma'ana ba.

Bayan kaka autarmu ta yi haihuwar fari, ta zo wanka gida Ollelewa. Ranar suna muka tafi da Gwaggo. Da safe aka yi addu'a a ƙofar gida, aka yanka rago, aka raba goro da dabino. Da hantsi aka ce in shigo in ɗauki mata. Na yi sallama. Inna tana zaune a tabarma tana zuba wa baƙi fura, ta ajiye ludayin ta shige ɗaki. Ba wadda ta ɗaga kai, haka aka saba.

Na jera su a gaban ɗakin, don nan ne bango mai shafe mai kyau: auta a tsakiya da jaririya, Gwaggo a gefe tana ba da umurnin da ba wanda ke bi, sauran mata suna gyara ɗauri. Rana ta riga ta hau, fararen mayafai suna ɗaukar ido. Ƙofar ɗakin tana bayansu a buɗe, baƙa ƙirin. Na ɗauka daga gaba, na koma wajen rumbu na ɗauka, na hau turmi na ɗauka daga sama, turmin yana rawa, mata suna ihu. Na duba ɗan allon bayan kamara, komai daidai.

Washegari bayan azahar na zauna a shago na buɗe na farko. Fuskoki sun yi duhu kamar yadda na yi tsammani, na ja maɓallin inuwa dama. Fuskar auta ta fito, ta Gwaggo ta fito. Hannuna ya ɗan zarce, baƙin ƙofar ya fara saki. Na ga jeren kwalla, na ga ƙafar gado, na ga buhun gero a jingine. Sai na ga mutum.

Inna ce a tsaye. Ta ɗan ja baya daga bakin ƙofar, daidai inda hasken waje ke ƙarewa. Kowace mace a ƙasar nan ta san wurin: wanda ke tsakar gida cikin rana ba ya ganin na ciki, na ciki kuwa yana ganinsa sarai. Hannunta ɗaya yana kan ƙirji, ɗaya yana riƙe da bakin mayafi. Ba jaririya take kallo ba, ba auta ba. Cikin gilashin kamarar take kallo, wato ni.

Na tashi na rufe ƙofar shago. Wani ya ƙwanƙwasa yana son hoton fasfo, na ce masa ba kuran, an ɗauke wuta, alhali yana jin fanka tana juyawa.

Na buɗe wanda na ɗauka daga wajen rumbu, ta juyo da fuska wajen rumbu. Na buɗe na kan turmi, ta ɗaga kai, bakinta a ɗan buɗe irin na wadda ke shirin cewa a yi a hankali. A hotunan ƙannena kullum bakinta a rufe yake, don haka sai ranar na san tana da ƴar wushirya. Ni ma ina da ita, duk dangin ubana ba mai ita, ban taɓa tambayar inda na samo ba.

Na jawo ɗanyun hotunan Sallar bara da ta bara waccan, duk inda ƙofar nan ta shiga hoto. Tana ciki. A wani tana zaune a bakin gado, a wani tana tsaye, ko'ina ni take kallo. Na koma na shekarun da, na kafin in haɗu da dattijon Damagaram, na ja inuwa har ƙarshe. Ba komai sai baƙin taɓo. Kamara ta duba ta ga ba amfani, ta zubar. Duk shekarun nan ina tsaye a tsakar gidan uwata tana kallona, injin da ke hannuna yana zubarwa. Na kifa kai a tebur na yi kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun ina lakwal. Ordinata ta yi zafi ta mutu, muka huta tare.

Na zaɓi na kan turmi. Na yanke sauran mutane, na bar ta ita kaɗai. Yashi ya yi yawa a hoton, don duhu ne aka tilasta masa. In na share yashin sosai, zanen kumatunta ya tafi tare da shi, fuskar ta koma ta roba. Sai na bar yashi kaɗan, na bar zane. Na ɗan ɗumama kalar, don inuwar ɗaki ta sa ta yi shuɗi-shuɗi. Ban taɓa daɗewa a kan fuskar mutum haka ba, kuma duk tsawon lokacin ba wanda ya juya mini ƙeya. Da na gama na sa a ɗan kile, ƴar ma'ajiyar da ake soka wa ordinata, na ba direban Damagaram, ya kai wurin masu wankin hoto, ya dawo mini da shi babba a cikin ambulan.

Gwaggo na fara kai wa. Ta riƙe shi nesa, ta jawo shi kusa, ta yi salati.

"Yaushe ta tsaya maka?"

"Ba ta tsaya ba, Gwaggo. Cikin ɗaki take."

"Ɗakin nan mai duhu?"

"Na buɗe duhun."

Ta kife hoton a cinyarta ta dube ni. "Kai ɗan nan, ka shiga ɗakin mutane ba sallama. Tun kahin ka yi haƙori matar nan ke riƙe da mutuncinta, kai ka zo da injinka ka yaye mata mayahi."

Na ce zan rataye shi a shago. Ta ce in na rataye, duk mai neman kartidantite daga Ollelewa zai koma ya ce ya ga wance tana leƙen ɗan farinta, daga ranar ko gaisuwar mutuwa ba za ta ƙara fita ba. Na ce to a ɗakina. Ta ce matata tana da ido kuma tana da baki. Gaskiya ta faɗa a kan duka biyun. Ta ce abu ɗaya ne, a kai wa mai fuskar, abin da ta ce shi ke nan. Na san abin da za ta ce, shi ya sa aiki ya yi mini yawa na tsawon makonni. Gwaggo ta gaji, wata safiya ta zo shago da mayafinta da ambulan a hammata, ta ce in tashi.

Muka isa rana tsaka. Na yi sallama, Inna ta shige ɗaki. Gwaggo ta bi ta, ni na durƙusa a inda na saba. Ƙofar tana nan baƙa ƙirin, amma yanzu na san daidai inda take tsayawa, sai na kasa ɗaga ido. Na zuba wa ƙasa ido kamar wanda ya yar da allura.

Na ji ƙarar takarda. Wata akuya ta zo ta shinshina takalmina ta wuce. Can Inna ta yi magana, da muryar da take yi wa Gwaggo in tana so saƙo ya kai bakin ƙofa da ƙafarsa.

"Wa ya gani?"

"Ni da shi," in ji Gwaggo. "Sai mai wanki a Damagaram, shi ko bai san ki ba."

"Wannan shi zauna nan wurina. Ki ce wa wancan shi maida duhun yadda ya iske shi."

Gwaggo ta leƙo ta maimaita mini kalma-kalma, don a ƙa'ida ban ji ba.

Da na ce to, da an gama. In koma Tanut in ci gaba da kallonta a ɓoye, ba mai sani, don Inna ta ɗauka hoto takarda ce, ta kuma riƙe takardar. Amma ɗanyen hoto ba haka yake ba. Duk ja da turawar da kake yi a sama ne, shi yana ƙasa yadda kamara ta ɗauke shi, ba ya canzawa. Ina durƙushe a ƙofarta na kasa barin ta da rabin magana.

Na ce, "Gwaggo, ki ce mata zan maida. Na auta da na kowa, ƙohwar baƙa za ta hito. Amma ki ce mata irin wannan hoton ba ya mantuwa. Ko na maida duhun, tana nan cikinshi. In tana so ta hita, sai dai in goge shi duka, shi da na bara da na bara waccan. In ta ce in goge, yau zan goge."

"Har da na bara?" in ji Gwaggo.

"Har da na bara waccan."

Ta koma ciki tana salati, ta faɗa mata. Da gaske nake, da ta ce a goge da na goge. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so kada ta faɗi kalmar nan ba.

"In ya maida," in ji Inna, "wa ke iya buɗewa?"

"Shi kaɗai," in ji Gwaggo. Ba ta tambaye ni ba, amma daidai ta faɗa.

Na ji an buɗe murfin kwalla, an sa wani abu, an rufe.

"To. In ya gama dubawa, shi riƙa ruhewa."

Gwaggo ta fito idonta jajur, ta tsaya a kaina ta gyara murya za ta isar da saƙo. Kafin ta buɗe baki, muryar ta sake fitowa daga cikin ɗakin, ƙasa-ƙasa, wannan karon ba ta bi ta kan kowa ba.

"Kuma ka rame."

Gwaggo ta tsaya da baki a buɗe, ba ta san ko wannan ma maimaita shi ake yi ba. Ni ma ban san yadda ake amsawa ba, ban taɓa koya ba. Na ƙara sunkuyar da kai na ce, "Zan riƙa ci, Inna."